Bakin Bakano a Teburin Masu Teku

Ni mutumin Damagaram ne, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da teku. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya da na randa, sai tabkin bayan gari da ke cika da damina ya ƙafe kafin zafi ya kankama. Amma Allah da ikonsa, aikin da na fi daɗewa a kansa a Faransa na kifin teku ne, kuma a wani ɗaki na yi shi, can saman wani ginin jami'a a Villeurbanne, kusa da Lyon, inda ko ƙarnin kifi ba ya kaiwa. Ta taga ba abin da nake hange sai taram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, yana sauke ɗalibai yana kwasar wasu.

Duk lokacin da na kira Inna sai ta sake tambayata, kamar amsar za ta canza.

"To wai kai mi kake yi can?"

"Ƙidayar kihi nake, Inna."

"Kihi. Duk lakkol ɗin nan da ka yi, duk karatun nan?" Sai kuma ta ce, "To, Allah shi yi albarka. In ka gama ƙidayawa ka aiko mana da namu."

Aikin kuwa ga yadda yake. Ƙasashen da ke jere a bakin tekun da ke kudu da mu kifi ɗaya suke ci. Ƙananan kifaye ne masu tafiya garke-garke suna bin sanyin ruwa, yau suna gaban wannan ƙasa, wata mai zuwa suna gaban maƙwabciyarta, ba ruwansu da iyaka balle ɗan kwastan. Shekara da shekaru kifin yana raguwa, kowane masunci ya gani a komarsa. Maganin ma ba ɓoyayye ba ne: a daina kamu lokacin da kifin ke zuba ƙwai. Sai dai ba mai son ya fara. In ka hana masuntanka fita, maƙwabcinka bai hana nasa ba, to kiwo kawai ka yi masa. Shi ya sa aka kafa wani kwamiti na wakilan ƙasashen, aka haɗa su da masana daga nan Faransa, ko a samu a rufe teku lokaci guda, kowa da kowa. Nawa aikin shi ne in duba hotunan zafin ruwa da tauraron ɗan'adam ke aikowa, in gwama su da abin da masunta suka ce sun kamo, in ce ga lokacin da ya fi dacewa.

Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin na wasu ba. Kifin ƙanƙara da manyan motoci ke kawowa kasuwarmu a kwali, ta tashoshin jiragen ƙasashen nan yake biyowa, haka shinkafarmu, haka magunguna. In maƙwabtan nan suka ɓata da juna, tukunyar Inna ce ke fara sani.

A Paris kwamitin ke zama. Nakan hau jirgin ƙasa mai gudu daga Lyon da safe, kafin in gama karyawa da ɗan gyangyaɗi mun isa. A zama na farko da na halarta, an tashi shan kofi, ina tsaye ni kaɗai da kofina kamar baƙon da ya zo biki bai san amarya ba bai san ango ba, sai na ji wani a bayana yana waya.

"Wallahi mitin ɗin nan ba shi da ranar ƙarewa. Ki ci abincinki kawai, kar ki jira ni."

Hausa ce, ta Kano tsantsa, mai santsin nan kamar an shafa mata man shanu. Na juya na ga dogon mutum mai ɗan tumbi, ya sha kwat da hula. Daga baya na san lauya ne, masanin dokokin teku, shi ke tsara kalmomin yarjejeniya a ɓangaren ƙasashen da ke aiki da Ingilishi. Da ya kashe wayar na yi masa sallama. Ya amsa da murna, muka gaisa har da tambayar gida da gajiya, sannan ya ce daga ina.

Na ce, "Damagaram."

Ya ja da baya ya dafe ƙirji. "Inna lillahi! Har nan kuka biyo mu? Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Na ce, "Ashe Bakano ne. Shi ya sa tun ɗazu nake ganin ana ƙidaya kujerun zauren. Ka samu mai saye?"

Ya yi dariya har kofinsa ya zube a kan takalminsa.

Wanda bai san mu ba zai ce faɗa ne. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni. An ce yaƙi aka yi ta yi a da, da aka gaji aka ajiye mashi aka koma baki. Bakano ya gan ka ya ce kai bawansa ne, kai ma ka ce shi naka ne, ya ce ba ku waye ba, ka ce su ko inuwarsu za su iya sayarwa, kuma duk wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Ni kuwa a lokacin na shekara da yawa a Faransa ina rayuwar "pardon" da "merci", daga yi haƙuri sai na gode. Abokan aikina mutanen kirki ne, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Ban san ina ƙishirwar a zage ni ba sai ranar nan.

Daga nan aiki ya canza mini ɗanɗano. A zauren taro kowa mai ladabi ne, kowa yana yaba wa ɗan'uwansa, kowa yana cewa teku ɗaya ya haɗa mu, amma da an zo maganar wane wata za a rufe sai a shiga kewaye-kewaye. Masu Faransanci suna gefe guda, masu Ingilishi suna gefe guda, masu fassara a tsakiya suna mayar da ladabi ladabi. Ni na fi kusa da na farkon, Bakano ya fi kusa da na biyun. Sai ya zama bayan kowane zama, ina cikin taram ko ina tafe bakin kogi zuwa masauki, wayata ta yi ƙara.

"Kai, Damagare. Mutumin nan naku mai gilashi, me yake tsoro ne tsakani da Allah?"

"Manyan jiragen baƙi. Cewa yake in aka hana ƴan kwalekwale, su waɗancan ba za su daina ba. Naku fa, mai yawan tari?"

"Matan da ke banda kifi. In aka rufe teku ba su da abin yi, kuma su ne suke cika masa fili in ya je kamfe."

Abin da ba a iya faɗa da Faransanci ko Ingilishi a gaban jama'a, mu sai mu faɗe shi da Hausa a tsaye a tasha, cikin zagi da dariya. Kashegari ni in san inda zan taɓa a nawa bayanin, shi ya san kalmar da zai sassauta a nasa rubutun. Ba wani sirri muke kwasa ba, kowa ya san damuwar ɗan'uwansa, faɗarta ce ke da nauyi. A hankali aka fara maganar sintiri na haɗin gwiwa a kan manyan jiragen, aka fara maganar abin da za a yi wa matan a watan hutu. Na ji daɗin shekarar nan ƙwarai, har ƙiba na yi.

Shugabar kwamitin wata Bafaranshiya ce da ta kusa ritaya, Madam kawai muke ce mata. Ƴar masunci ce daga arewa maso yammacin Faransa, gajera, mai farin gashi da kaifin ido, ba ta da yawan fara'a amma ba ta iya ganin an taka na ƙasa ta yi shiru. Ina ganin girmanta har gobe.

Abin ya faru ne a teburin abincin rana, ana saura zama ɗaya a kammala. Muna zaune da wakilai, sai wani dattijo daga cikinsu, mai furfura da sanyin magana, wakilin ɗaya daga ƙasashen bakin tekun, ya dube ni cikin kulawa ya tambaye ni da Faransanci yadda aka yi ɗan Nijar ya shiga aikin teku. Na cika bakina da shinkafa, kafin in haɗiye Bakano ya riga ni. Faransancinsa a lokacin ya kai na ɓarna, bai kai na gyara ba.

Ya ce, "Wannan ai bawana ne. Gadonsa na yi. Na zo da shi ne ya riƙe mini jaka."

Ni kuwa ramuwa ta zo mini da harshen da ta saba zuwa. Na ce masa da Hausa, ƙasa-ƙasa, kakana ne ya kamo kakansa a bayan ganuwa yana gudu ba takalmi. Dariya ta haɗu da shinkafa ta shaƙe ni, na sunkuyar da kai ina tari, idanuna suka kawo ruwa. Shi yana ta ƙyaƙyatawa. Mutanen teburin ba su ji ramuwata ba, rabin wasan kawai ya kai kunnensu. Abin da suka gani shi ne wani ƙato ya kira abokin aikinsa bawa yana dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai yana share hawaye. Na lura dattijon ya ajiye cokalinsa bai ƙara ɗauka ba, amma na ɗauka ƙoshi ya yi.

A makon da ya biyo baya Madam ta zo Lyon da kanta. Ta kira ni wani ƙaramin ɗaki, ta haɗa mini shayi da hannunta, ta zauna tana kallona kamar mai gaida mara lafiya. Ta ce ta daɗe tana lura da yadda mutumin nan yake yi mini magana, ko ba ta jin yaren tana jin sautin. Ta ce abin da ya faru a teburi ya wuce iyaka, don haka ta yanke shawara za ta cire shi daga kwamitin kafin zama na ƙarshe.

Masu aikin dokokin teku ba su da yawa, kowa ya san kowa. Mutumin da aka ce an cire shi don ya kira ɗan'uwansa baƙar fata bawa, ba wani teburi da zai sake zama a kansa. Ga matarsa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, a ƙasar da ba tasu ba.

Na yi dariya, don ita ta fara zuwa mini. Na ce Madam, wasa ne. Na shiga ba ta labarin Kano da Damagaram, na ce ni ma haka nake ce masa, na ma fi shi baki. Ina magana ina dariya, ita kuwa fuskarta sai ƙara laushi take.

Ta ce, "Na san irin wannan dariyar. Haka mahaifina yake yi in mai jirgi ya ci masa mutunci a gaban mutane. Ya dawo gida ya ce mana wasa ne."

Duk abin da zan faɗa ya riga ya zama shaida a kaina: in na yi dariya ta ce tsoro ne, in na ɓata rai ta ce ga gaskiya ta fito. Raina ya ɓaci sosai, da ita, da Bakano da bakinsa da ba ya jiran a haɗiye shinkafa, da ƙasar da sai ka kawo hujja kafin a yarda abokinka abokinka ne. Abin da na iya samu kawai shi ne ta yarda ta dakata har mu sake magana.

Ina fita na kira shi daga tashar taram. Ashe ta riga ta sanar da shi. Ya ɗauka da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Salamu alaikum, Malam. Ina wuni. Ya aiki, ya iyali?"

"Wane ne Malam? Kai, Bakano, lahiyarka?"

"Malam, in na taɓa ɓata maka rai a zaman da muka yi, don girman Allah ka yafe mini. Ban san abin yana yi maka zafi ba."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wato har ya fara zaton ni na kai ƙararsa. Na daka masa tsawa a gaban ɗalibai masu jiran taram, na ce in ya ƙara neman gafarata sai na zo har gidansa a Sevran, can gefen Paris, na karya masa hula. Ya ce, "To, Malam, na gode." Ya kashe waya.

Ana cikin haka matarsa ta sauka, aka samu ɗiya mace. Da aka sa ranar suna sai na kira Madam, na ce ba zan ƙara yi mata bayani ba, tunda bayanina bai yi ba. Na ce ta zo ta ga gidan mutumin kafin ta yanke masa hukunci, ni zan zama mai fassara, kuma na yi mata alkawari ba zan rage kalma ko ɗaya ba, mai daɗi ko mara daɗi. Ta ce za ta zo.

Muka haɗu a Paris da hantsi muka hau jirgin da ke zuwa Sevran. Gidan yana hawa na sama a ɗaya daga dogayen benayen nan na unguwar, tun daga matakala ake jin ƙamshin soyayyen nama da turaren wuta. Takalma sun cika ƙofa. Falon ya cika da ƴan Najeriya da ƴan Nijar, wasu a kujera, mafi yawa a kan darduma. Bakano ya tarbe mu, ya gaida Madam da ladabi, ya gaishe ni da ladabin da ya fi nata, ya koma yana raba ruwa ba ya kallon kowa.

A tsakiyar falon akwai wani Alhaji, dattijon Damagaram, ɗan kasuwa ne a wajen unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, ya fi kowa a wurin shekaru da girma. Shi ya yi addu'a aka shafa. Ana shafawa sai yayar maijego, Bakanuwa mai baki kamar reza, ta fito daga kicin da babban faranti, ta tsaya ta ƙare wa falon kallo.

"Damagarawa a matsa baya tukuna. Sai iyayen gidanku sun ƙoshi a ba ku ƙashi."

Na fassara wa Madam. Ta ɗaga gira.

Alhaji ya miƙa hannu ya karɓe farantin gaba ɗaya ya ajiye a gabansa. "Wanga haraji ne, ɗiyata. Tun zamanin kakanni kuke biya, ba yau za ki hana ba. Ki koma ki kawo na baƙi."

Na fassara. Falon ya kaure da dariya da ihu, wani ya ce a ƙwace, wani ya ce a bar tsoho ya ci, daga ƙauye ya zo. Aka kawo jaririyar aka miƙa wa Alhaji. Ya leƙa fuskarta ya ce alhamdu lillahi, an ƙara musu baiwa, da ta yi wayo zai aiko a ɗauke ta ta je ta yi wa Hajiyarsa wanke-wanke. Maijego ta ɗaga murya daga cikin ɗaki ta ce ya fara biyan bashin gaisuwar da kakanninsa suka ci na Kano. Duk na fassara, har da wanda aka jefo mini, cewa wai na kawo Baturiya ne don ta karanta mini sunan tasha kar in ɓata.

Madam ba ta yi dariya ba, kallo take. Ta ga tsohon nan da ya gama cewa baiwa ce ya rungume yarinyar a ƙirjinsa, ya daɗe yana yi mata addu'a a kunne. Sai ta tambaye ni wace ce dattijuwar da ke ta shiga da fita ɗakin maijego da kwano. Na tambaya aka ce Hajiyar Alhaji ce. Tun ranar da aka sallamo su daga asibiti kullum sai ta hawo jirgi ta zo, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunu, don uwar maijego tana Kano. Wannan ma na fassara.

Can Madam ta ce in tambayi Alhaji, in wani ya ji haushi fa?

Alhaji ya goge hannunsa ya ce, "Ce mata wanda ya ji haushi shi za a yi wa dariya har ya mutu. Kuma ce mata ba kowa nake ce ma haka ba. Kanawa kaɗai ne. In wani can ya zo ya ce ma Bakanon nan bawa a gabana, da ni zai yi."

Da la'asar muka tashi. Bakano ya ce zai raka mu tasha, muka sauko mu uku. Sai da muka kusa Madam ta tsaya a gefen hanya ta dube shi. Ta ce ta gani, kuma ba za ta cire shi ba. Ta ce ta yi mana kuskuren fahimta, ba ta jin kunyar faɗa. Na buɗe baki zan yi godiya ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Amma ba ni na fara kawo maganar ba. Dattijon wakilin nan ne da ya yi tambayar a teburin abinci, shi ya same ni bayan an tashi. A garinsu akwai wani tsohon gini a bakin teku, mai wata ƴar ƙofa da ke fuskantar ruwa. Ta nan aka riƙa fitar da mutane ana loda su a jirgi. Yana yaro ta gabansa yake wucewa zuwa makaranta. Ku kun mayar da kalmar nan wasa, na ga yadda kuka yi, kuma abin ya burge ni. Su a bakin tekun nan ba ta zama wasa ba."

Mun shekara muna aiki a kan tekun nan, mun san zafin ruwansa wata-wata, mun san inda kifinsa ke kwana, amma wannan bai taɓa zuwa mana a rai ba a teburin. Bakano ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce shi zai je ya samu dattijon da kansa, ba sai an haɗa su ba.

Ya kuwa je, ana gobe zama na ƙarshe, a masaukin wakilai. Ban bi shi ba. Da ya fito na ga idonsa ya yi ja. Abin da ya gaya mini kawai shi ne tsohon ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce su ma suna da irin wannan wasa da wasu mutanen arewacin ƙasarsu, ya san shi sarai, amma kowane wasa da tsakar gidansa. Ya ba shi hannu suka rabu.

Zama na ƙarshe bai ba da duk abin da muka so ba. Yawancin ƙasashen sun yarda su rufe teku lokaci guda, ɗaya ta ce sai baɗi, maganar sintiri kuma aka bar ta ga wani kwamitin. Ni na so a ce an gama komai, amma Madam ta ce a irin wannan aiki in maƙwabta suka tashi daga teburi da niyyar dawowa, to an yi nasara. Bakano ne ya tsara kalmomin da kowa ya iya amincewa da su, dattijon nan ma da bakinsa ya yaba. Kujerarsa ta tsira, sunansa ya tsira, na yi hamdala.

Sai dai ni akwai abin da ke cina. Tun ranar da ya nemi gafarata bai ƙara zagina ba. A zaure muna ce wa juna "cher collègue", wato abokin aiki mai daraja, wannan na yarda da shi, haka ya kamata. Amma ko a waya, ko mu biyu a kan hanya, Malam ne, ina kwana ne, Allah ya saka da alheri ne. In na jefa masa magana sai ya yi murmushi ya bar ta ta faɗi ƙasa. Na fara tunanin mun ceci aikin mun rasa abin da ya sa aikin ya yi daɗi, kuma ban san yadda ake roƙon mutum ya ci maka mutunci ba.

Bayan an rufe taron ya ce zai raka ni tashar jirgin Lyon. Muka tafi yana ba ni labarin jaririya, wai ta fara gane muryarsa. Muka tsaya a bakin jirgin, mutane suna ta shiga. Ya ba ni hannu ya yi mini godiya doguwa, irin wadda ake yi wa surukai, na amsa a daƙile na hau. Na sami kujerata kusa da taga, na ajiye jaka, zuciyata ba daɗi. Har an busa usur sai na ga ya leƙo ta ƙofa, ya waiga hagu da dama ya tabbatar ba wakili ko ɗaya a kusa, sannan ya ɗaga murya yadda duk taragon zai ji.

"Kai, Damagare! Kar ka yi barci jirgi ya wuce da kai Marseille. Na san ku, kana ganin teku za ka durƙusa ka sha, ka dawo kana cewa Turawa ba su iya sa gishiri ba!"

Ƙofa ta rufe kafin in rama. Na bi shi da ido ta taga yana tsaye yana riƙe da tumbinsa, jirgi ya ja. Na zauna ina dariya ni kaɗai, hawaye suna zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Wata tsohuwa da ke kujerar kusa da ni ta taɓa hannuna ta ce lafiya kuwa, me mutumin nan ya ce mini?

Na ce mata, "Zagina ya yi, Madam."

Ta ce ayya, ta yi mini sannu, ta buɗe jakarta ta miƙo mini alewa. Na karɓa na yi godiya, na sha abata har Lyon.